Amsa ga ƙanenmu mai son komawa sashen Kasuwanci

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka ce Kasuwanci ka cike a JAMB amma jami'a ta ba ka Soshiyoloji, yanzu kana aji ɗaya, kana tambaya ko ana iya sauya kwas daga ciki. Ana iyawa. Ni ma ta wannan ƙofar na shiga, a wata jami'ar tarayya.

Kafin komai, ɗauko sakamakonka na WAEC ko NECO ka duba. Idan babu kiredit a Turanci, Lissafi da Ikonomiks cikin biyar ɗin da ake nema, to maganar ta tsaya nan sai ka sake zana jarrabawa. Da yawa a kan Lissafi suke faɗuwa, an saki mutum daga tsohon sashe, sabon kuma ya ce bai san zancen ba.

Sai CGPA, wato matsakaicin makinka na duk kwasa-kwasan da ka yi a jami'a, kuma nan ne gizo ke saƙar. Kowace jami'a tana da mafi ƙarancin makin da ta rubuta a littafin ɗalibai, amma kada wannan ya ruɗe ka. Hukumar NUC mai kula da jami'o'in ƙasa ta ƙayyade wa kowane sashe yawan ɗaliban da zai ɗauka, Kasuwanci da Akanta kuwa kullum a cike suke, ga 'yan DE da ke shigowa aji biyu kai tsaye su ma suna neman gurbi. 'Yan kujerun da suka rage, daga sama ake rabo. Mai 2.50 ya cika sharaɗi a takarda, amma in akwai masu 4.00 a layi sai ya haƙura. A ganina ka sa wa ranka 3.50 zuwa sama, kuma kada ka bari kariyoba (faɗuwa kwas da sai ka maimaita shi) ko ɗaya ta hau kanka, har a kwasa-kwasan GST, na gama-gari da kowane ɗalibi ke yi, da yara ke rainawa.

Shi ya sa nake jin takaicin ɗaliban da ke cewa "ai ba kwas ɗina ba ne, wucewa zan yi", su daina shiga lacca. Wannan kwas ɗin da kake ƙi, da sakamakonsa za a auna ka.

Fom ɗin sauya kwas yakan fito ne bayan an liƙa sakamakon zango na biyu. Shugaban sashenka zai sa hannu ya sake ka, na can ya sa hannu ya karɓa, sannan shugaban tsangaya, daga nan majalisar jami'a ta amince. Shawarata, ka fara zuwa wurin mai karɓa tukuna. Ka je da kanka da safe, takardunka cikin fayil, ka gaishe shi da ladabi ka tambaya ko akwai gurbi bana. Ni sai da na yi ta zaman benci a ƙofar ofis kafin sakatariya ta ce in shiga, maganar kuma ba ta wuce ya duba Lissafina ya ɗaga kai ya ce in kawo fom ba. Kuma ka ci gaba da rajista da zuwa aji a tsohon sashenka har sai ka riƙe takardar amincewa a hannu. Alkawarin baka ba ya shiga fayil.

Ka shirya ɗaukar wasu kwasa-kwasan aji ɗaya da ba ka yi ba, irin su gabatarwar Akanta da lissafin kasuwanci, a kan na aji biyu. Wasu ma shekara guda sukan ƙara. Ka faɗa wa mahaifi tun yanzu saboda kuɗin makaranta.

Abin da ake yawan mantawa: takardar shigarka ta JAMB tana ɗauke da tsohon kwas. Da an amince maka, ka bi ta ofishin ɗaukar ɗalibai a gyara, don kada sai lokacin tura sunaye bautar ƙasa a ce bayananka sun saɓa.

In kuma ba a dace ba, ICAN, ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, tana karɓar mai kowane irin digiri ya zana jarrabawarta, MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, ma haka take, galibi bayan difloma ta gaba da digiri. Turo mana makinka na zangon farko da abin da ka ci a Lissafi, sai mu ga inda ka tsaya. Allah ya ba da sa'a.