Gora da Katako a Bim Ɗaya: Wa Ke Ɗaukar Nauyin?

Tambaya: Ni kafinta ne, na shekara 19 ina aikin rufi. Na ji ana yabon bim (dogon katakon da ake gittawa ya ɗauki nauyin rufi) da aka haɗa gora da katako, wai ya fi katako zalla jure lanƙwasa. Ni kuwa da tsagewa na san gora. Gaskiya ne, ko romon baka ne?

Amsa: Malam, ka yi gaskiya, gora na tsagewa, amma a tsaye take tsagewa. Ka gwada tsinka ta da ja, sai ka sha mamaki. Wannan ƙarfin ake nema.

Ɗora nauyi a tsakiyar bim: samansa matsewa yake, ƙasansa na miƙewa, can cikinsa kuwa kusan hutawa yake. Katako daga ƙasa yake cin amana, galibi a wurin ƙulli, wato inda reshe ya fito a jikin itacen. Shi ya sa ake yanka gora siri-siri, a busar, a manna da gam, a matse, sannan a shimfiɗa ta ƙasan bim, wani lokaci har da sama, a bar katako marar nauyi a ciki. In aka sa ta a tsakiya, an yi asarar gora kawai.

Na taɓa tsayawa a ɗakin gwaji ana danna irin waɗannan bim a wuri biyu. Na katako zalla ya yi ƙara sau ɗaya, ɓaras, ya rabu daidai kan ƙulli. Mai gora kuwa ya daɗe yana kuka yana sunkuyawa, zaruruwa na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Wani kuma gorarsa lafiya lau, layin gam ne ya zame. Nan ne nake tsoro, domin ido ba ya ganin gam marar kyau sai ruwa ya taɓa shi.

Kada kuma sunan gora ya sa ka rage wa bim zurfi daga sama zuwa ƙasa. In ka ninka zurfin nan sau 2, ƙarfinsa ya ninku sau 4, taurinsa, wato ƙin lanƙwasawa, sau 8. Gora ba ta ba ka wannan.

Kafin ka saya, nemi takardar gwaji. Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 23478 ta 2022 kan yadda ake gwada sarrafaffiyar gora. Ka tambaya ko an yi mata maganin ƙwari, don sitacin cikinta na janyo su, kuma wane gefe ne ƙasa, kada yaranka su kifa shi.