Ku Tambaya Mu Amsa: Littafin Yara Ya Gagare Ni a Shafi na 12

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata takwas ke nan ina koyon Faransanci da manhajar waya. Wani abokina ya ce in daina ɓata lokaci, in nemi littafin labarin yara in karanta, wai ita ce hanya mafi sauƙi. Na sayi fassarar Faransanci ta Harry Potter na farko. Kwana tara na yi ban wuce shafi na 12 ba. Kusan kowane layi sai na buɗe ƙamus, kafin in kai ƙarshen sakin layi na manta farkonsa. Har kunya ta kama ni, littafin da ɗan shekara goma ke gamawa a kwana biyu. Ni ne ba ni da kan harshe, ko shawarar ce ba ta yi ba?

Daga wani mai karatu

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan uwa. Kanka lafiyarsa lau. Shawarar abokinka ma ba ta ɓaci ba, rabinta ya ba ka ya riƙe rabi.

Fara ajiye kunyar nan tukuna. Yaron da kake gwada kanka da shi ya yi shekara goma cur yana shan Faransanci ta kunne, daga bakin uwarsa, a filin wasa, a aji, har a wurin faɗa. Wanda ya rubuta masa labari bai rage masa kalmomi ba, nauyin tunani kawai ya rage. Shi ya sa za ka tarar littafin cike da kalmomin da manhajarka ba ta taɓa kawowa ba: ya yi gunaguni, ta murtuke fuska, ya laɓe, ta yi raɗa, ya yi tuntuɓe. Manhaja ta koya maka yadda ake kama ɗaki a otal, shi kuwa yaro ya san sunan kowane irin motsi da jiki ke yi.

Akwai wani masanin koyar da harshe, Paul Nation, na Jami'ar Victoria da ke Wellington a Niyu Zilan, wanda ya daɗe yana lissafin wannan matsala. Abin da bincikensa ya nuna shi ne, kafin mutum ya karanta labari shi kaɗai ya fahimta cikin daɗin rai, sai ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafin. Wato baƙuwar kalma ɗaya a cikin kowace 50. A 2006 ya ƙiyasta cewa mai son kai wa nan a ƙagaggun labaran Turanci na manya yana buƙatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Lissafin na Turanci ne, amma darasin ya shafi kowane harshe. To ka gwada da kanka. Buɗe tsakiyar littafin, ɗauki shafi guda mai kalmomi kamar 300, ka ƙirga waɗanda ba ka sani ba. In shida ne, shiga kawai. In sun kai 15, za ka iya, amma da gumi. In sun haura 30, rufe shi ka ajiye, ba nasa lokacin ba ne. Daga yadda ka kwatanta, ina zargin kana cikin kaso na uku.

Ni ma da littafin nan na fara, kuma na sha irin wahalarka, har da ƙari. Na ɓata rabin dare ina neman kalmar Moldus a ƙamus biyu. Ashe babu ta. Mai fassarar, Jean-François Ménard, shi ya ƙirƙire ta don ta maye wata kalma da marubuciyar ita ma ƙirƙira ta yi a Turanci. Haka ya mayar da sunan makarantar da ke cikin labarin zuwa Poudlard. Sai kuma abin da ya fi ba ni haushi: na haddace cewa "ya tafi" shi ne il est allé, sai ga littafi yana ta cewa il alla. Na ɗauka kuskuren ɗab'i ne. Wani shuɗaɗɗen lokaci ne da Faransawa ke kira passé simple, wanda kusan a rubutun labari kaɗai yake rayuwa, ba ka jin sa a hirar yau da kullum. Ba wanda ya gaya min, kuma na tabbata kai ma ba a gaya maka ba. Ba sai ka iya furta shi ba, ka gane shi in ka gan shi kawai. Awa guda da jadawalin aikatau ta ishe ka ka san cewa fut daga être (kasancewa) yake, eut kuma daga avoir (mallaka).

Duk da haka ba zan ce ka jefar da littafin ba, domin yana da wata fa'ida da littattafan koyarwa ba su da ita. Harry Potter littattafai bakwai ne, marubuciya ɗaya, mai fassara ɗaya. Kowane marubuci yana da kalmomin da bakinsa ya saba da su, yana ta juya su. Kalmar da ta tsayar da kai a babi na biyu za ta dawo a na uku, ta dawo a na biyar, har ka wayi gari ka san ta ba tare da ka tuna ranar da ka koye ta ba. Shafuka 40 na farko su ne tudun. Littafi na farko a Turanci bai kai kalmomi 80,000 ba, na biyar ya haura 250,000, amma wallahi na biyar ya fi min sauƙi nesa ba kusa ba, don lokacin na riga na san hannun mutumin.

Ga abin da zan yi in ni ne kai. Zan jingine shi wata uku. A cikinsu zan karanta littattafan da aka rubuta musamman don masu koyo, waɗanda ake buga matakinsu a bango, A1, A2, B1. Labaransu sau da yawa lami ne, ban musa ba, amma suna koya wa ido ya yi tafiya bai tsaya ba. Daga nan sai Le Petit Nicolas na René Goscinny, wanda Sempé ya yi wa zane, ya fito a littafi a 1960. Yaro ne ke ba da labari da bakinsa, da irin shuɗaɗɗen lokacin da ake magana da shi, kuma kowane labari 'yan shafuka ne, ka gama ɗaya kafin barci ya ɗauke ka. Kada zane ya ruɗe ka ka ɗauki Asterix, wannan wasa da kalmomi ne tun daga sunayen mutanen ciki, sai wanda ya ƙoshi da harshen ke jin daɗinsa.

In ka dawo kan littafinka, karanta babin a harshen da ka iya tukuna, sannan ka bi shi a Faransanci. Wasu na ganin wannan kamar satar amsa ce. Ni ban gan shi haka ba. In ka riga ka san abin da zai faru, hankalinka ya huta da bin labari, ya koma kan yadda aka faɗe shi. Ƙamus kuwa, ka kai shi wani ɗakin. Riƙe fensir, ka ɗiga ɗigo a ƙarƙashin baƙuwar kalma ka wuce. Sai wadda ta fito sau uku, ko wadda ta toshe ma'anar sakin layi gaba ɗaya, ita za ka tashi ka nema. Tashin nan da kansa zai tace maka kalmomin da suka cancanci wahala.

Abu ɗaya da littafin ba zai ba ka ba shi ne baki. Ranar da na fara haɗuwa da mai jin Faransanci, na san sunan mujiya, na san na tsintsiya da alkyabba da tukunyar matsafa, amma na kasa tambayarsa inda zan hau mota. Kuma Faransanci yana rubuta haruffa da yawa da ba a furtawa: ils parlent da il parle sauti ɗaya ne a kunne. Wanda ya koya da ido kaɗai zai gina lafazin da shi kaɗai ke ganewa. Nemi littafin da aka karanta aka naɗa, ka sa a kunne kana bin layi da yatsa, sannan ka samu wanda za ku riƙa hira ko sau ɗaya a mako.

TAMBAYA: Malam, Larabci nake koyo. Wannan dabara ta littattafan yara za ta yi min aiki?

Daga wata ɗaliba

AMSA: Za ta yi, 'yar uwa, har ma ke kin fi shi sa'a ta wani fanni. Littattafan manya na Larabci ba a cika sa musu wasali ba, na yara kuwa ana sawa, don haka za ki ga yadda ake furta kowace kalma da yadda ƙarshenta ke sauyawa. Nemi labaran Kamil Kilani, marubucin Masar da ya rasu a 1959, waɗanda ya rubuta wa yara da ingantaccen Larabci mai wasali. Sai dai ki sani Fusha, wato Larabcin littafi, za ki samu a ciki. Ranar da kika ji Bamasare ko mutumin Maroko yana hira da ɗan uwansa kika kasa kama komai, kada ki zargi littafin, Larabcin titi daban yake, shi kuma da kunne ake ɗaukarsa.