An kama ni da tuƙi cikin maye karon farko a Katsina, ga kotu nan da sati biyu

Tambaya:

Assalamu alaikum Barista, Allah ya ƙara basira. Don Allah a sakaya sunana. Ni matashi ne shekarata 29, ina aikin gwamnati nan cikin Katsina. Daren Asabar ɗin da ta wuce mun je fatin wani abokinmu da zai yi aure, ba zan ɓoye maka ba na ɗan sha, kan hanyar dawowa wajen sha biyu saura na gogi wani mai napep kusa da Ƙofar Ƙaura, gilashinshi ya fashe shi kuma ya kuje a hannu amma ba karaya. Mutane suka taru aka ji wari a bakina, aka kai ni caji ofis na kwana can, washegari kawuna ya karɓi belina. Na yi sitatimen na ce na sha kwalba biyu. Ba a sa ni hura komai ba kuma ba a ɗebi jinina ba. Yanzu an ce nan da sati biyu za a kai ni kotu, ni kuwa tunda nake ban taɓa taka ko ƙofar caji ofis ba, mahaifina ma bai sani ba har yanzu. Barista ɗaure ni za a yi? In amsa laifi kawai a wuce wurin? Aikina fa? Sannan akwai wanda ya ce in kawo kuɗi zai kashe maganar.

Amsa:

Wa'alaikumussalam ƙanena. Da farko ka gode ma Allah mai napep ɗin nan kujewa kawai ya yi, don da ya kwanta asibiti ko ya rasu da ba wannan hirar muke ba, dokar hanya ta tarayya ta yanke har shekara 7 ga wanda ya kashe rai ta tuƙin ganganci. Faɗa kuma nasan kawu ya riga ya yi maka, ba sai na ƙara ba.

Cikin duk abin da ka rubuto akwai abu guda da ba ka faɗa ba, kuma shi ne kan maganar: wace kotu za a kai ka, kuma da wane caji? Na san ba ka sani ba shi ya sa ba ka faɗa ba, to shi za ka fara nema gobe da safe. Mu nan Katsina daren nan guda ɗaya yana iya zama kes iri uku, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai nisa kamar sama da ƙasa.

Iri na farko shi ne laifin hanya zalla. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta 2007, wato ta 'yan rod sefti, ta ce duk wanda ya tuƙa mota ko ma yake ƙoƙarin tuƙawa alhali barasar da ke jininshi ta wuce giram 0.5 a kowace lita, ko maye ya kai shi ga ba ya iya sarrafa motar, ya yi laifi, hukuncin tarar naira 5,000 ko ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba ko duka biyun. Mutane da sun ji dubu biyar sai su yi dariya su manta da rabin jimlar na ƙarshe. Kuma lura, maye aka ce, ba giya kaɗai ba, mai tiramol da mai kodin da mai wiwi duk layi ɗaya suke. Da a ce tare ka aka yi a hanya kawai ba ka taɓa kowa ba, sau da yawa tiketi ake yanka maka ka je banki ka biya ka kawo rasit, ko a miƙa ka kotun tafi-da-gidanka. Amma kai ka gogi mutum, don haka kada ka yi mamaki in ka ji an haɗa maka da tuƙin ganganci, wanda shi a jadawalin tarar naira 50,000 ne.

Iri na biyu, 'yan sanda su kai ka gaban majistare da takardar rahoton farko da ake ce ma FIR, su lissafo abubuwa daga kundin dokokin laifuka, wato final kod, kamar maye a bainar jama'a, jawo rauni ta sakaci, ɓarnar dukiya, su haɗa da na hanyar. Wannan shi na fi zato a kes ɗinka tunda a hannun 'yan sanda kake.

Na ukun shi ne wanda samari ke mantawa da shi. Jihar nan tana aiki da shari'ar Musulunci tun shekarar 2000 zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma in kai Musulmi ne aka gurfanar da kai kotun shari'a da laifin shan giya, nan ba ruwan alƙali da ko giram nawa ne a jininka, shan kanshi shi ne laifin, haddi ne, bulala 80. A mazhabar Malikiyya ana tabbatar da shi da iƙirarin mutum da bakinshi, ko shaidu biyu adalai da suka ga ya sha, har ma da shaida a kan warin giyar a bakinshi. Ka ga kenan kalmar "eh na sha" a wata kotun tara ce, a wata kotun kuma bulala ce a gaban mutane. Shi ya sa nake hana mutum buɗe baki ya amsa abin da bai san sunanshi ba.

To batun in amsa laifi a wuce wurin. Ni ba zan ce maka ka yi ma kotu ƙarya ba, kuma ba zan ce ka amsa a makance ba. Abin da mutane ba su gane ba shi ne in akawun kotu ya karanto caji ya ce ka amsa ko ba ka amsa ba, ka ce ban amsa ba, a tsarin majistare ba rantsuwa ka yi cewa ba ka sha ba, cewa ka yi mai ƙara ya kawo hujjarshi, kuma sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka wannan, kai marar laifi ne har sai an tabbatar, ba a tilasta ka ka ba da shaida a kan kanka, kana da damar a ba ka lokaci ka shirya, in turanci ake kuma ba ka bi sosai a kawo maka tafinta kyauta. Kada kunya ta hana ka cewa a fassara maka da Hausa don wai kai ma'aikaci ne, turancin kotu daban yake, na sha ganin masu digiri suna gyaɗa kai ga abin da ba su fahimta ba. Kuma cajin in uku ne, ɗaya bayan ɗaya ake karantowa, kana iya amsa wani ka ƙi wani.

Akwai lokacin da amsa laifi shi ne dabara: hujja ta yi ƙarfi, cajin mai sauƙi ne, an sasanta da wanda aka ji ma ciwo, mutum karon farko ne. Alƙalai suna duba wanda bai ɓata ma kotu lokaci ba, kuma galibi mai laifin farko da ba a yi asarar rai ba ana ba shi zaɓin tara. Na ce galibi, ban ce dole ba, duk lauyan da ya rantse maka cewa ga abin da alƙali zai yanke ka riƙe aljihunka. Amma wannan shawara ce da ake yankewa bayan an karanta takarda, ba a tsaye cikin akwatin kotu gwiwa na rawa ba.

Ka ce ba a gwada ka ba. Wannan yana da amfani gare ka amma kada ka ɗauka ka tsira. Rashin gwajin numfashi ko na jini yana nufin zai yi ma mai ƙara wuya ya nuna ka haura giram 0.5 ɗin nan, sai dai ka tuna dokar ƙafa biyu gare ta, ɗaya ƙafar ita ce ba ka iya sarrafa mota, kuma wannan ana iya kawo shi da shaidun ido, mai napep, waɗanda suka taru, ɗan sandan da ya ji wari ya ga kana tangaɗi. Uwa uba ga sitatimen ɗinka. Da ka tambaye ni daren nan da na ce ka yi shiru sai lauya ya zo, sashe na 35 na kundin tsarin mulkin ya ba ka damar haka, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Yanzu abin yi shi ne ka zauna yau ka rubuta duk abin da ka tuna: ƙarfe nawa aka ɗauki bayanin, kai ka rubuta da hannunka ko rubuta maka aka yi, an karanta maka kafin ka sa hannu, kana cikin hayyacinka lokacin, akwai wanda ya matsa maka ko ya yi maka alkawarin in ka amsa za a sake ka. Dokar shaida ta 2011 ba ta yarda da iƙirarin da aka samo ta hanyar tursasawa ba. In ba a tursasa ka ba kuma kada ka ƙirƙira, gaya ma lauyanka gaskiya tsirara, shi kamar likita ne, in ka ɓoye mashi ciwon maganin banza zai ba ka.

Lauya kam ka nema, cikin satin nan ba ranar kotu da safe a bakin get ba. In ba hali, hukumar ba da agajin shari'a ta ƙasa, Ligal Eid, tana da ofis a Katsina, ka je ka yi masu bayani su duba ko ka cancanta. Aikin farko da zai yi maka shi ne ya ga mai binciken kes ɗin da mai gabatar da ƙara ya san cajin da kotun.

Mai napep ɗin nan kuma shi ne rabin shari'arka, ka ji da kyau. Ka tura kawu da wani dattijo su duba shi, a gyara mashi gilashi, a biya kuɗin magani, a lissafa kwanakin da bai fita aiki ba don wataƙila ma keken nan ba nashi ba ne balas yake kaiwa kullum. Duk abin da aka biya a karɓi rasit, a rubuta takardar sasanci shi ya sa hannu shaidu su sa. Kada kai ka je kai kaɗai, kuma kada wani ya furta mashi cewa ya canza magana ko kada ya zo kotu, wannan sabon laifi ne. Sasancin yana iya sauke maka ɓangaren rauni da ɓarna, amma tuƙi cikin maye laifi ne tsakaninka da hukuma, mai napep ba shi da ikon yafe shi. Duk da haka in lauya ya miƙe wajen roƙon sassauci ya ce ya mai shari'a ga takarda an biya an sasanta, nauyinta daban ne.

Wanda ya ce ka kawo kuɗi a kashe magana, rabu da shi. Ko dai ya cinye kuɗin ranar kotu ka ji an kira sunanka, ko kuma ka tashi daga kes ɗin tara ka faɗa na ba da cin hanci. Duk kuɗin da za ka biya a harkar nan na hukuma ne to da rasit, in babu rasit ba tara ba ce.

Aiki. Nan ne ma nake so ka fi natsuwa, don tarar za ka iya biya ka manta amma hukuncin yana nan a rubuce. A ƙa'idojin aikin gwamnati samun ma'aikaci da laifi a kotu babban laifin aiki ne da kan iya kaiwa ga kora, sai dai an ware ƙananan laifukan hanya da makamantansu. Ka ga dalilin da ya sa sunan cajin da aka kama ka da shi yake da muhimmanci? Wanda aka ci tara kan laifin hanya da wanda aka rubuta mashi shan giya ko jawo rauni ba matsayinsu ɗaya ba a fayil. Ka gaya ma lauyan tun zaman farko cewa kai ma'aikaci ne, ya duba ƙa'idar ma'aikatarku ya faɗa maka yaushe kuma ta yaya za ka sanar da ofis, kada su fara ji a Facebook.

Ranar kotu ka isa kafin ƙarfe 9, kaftani mai tsabta da hula, waya a kashe. Ka riƙo lasin, takardun mota, inshora, katin shaida, rasit ɗin gyara da na magani, takardar sasanci, kowanne da fotokofi. Belin 'yan sanda yana ƙarewa ne da an gurfanar da kai, kotu za ta ba da nata, don haka kawu ya zo da katin shaidarshi da hotuna fasfo, in da hali a zo da mutum na biyu mai adireshi tsayayye cikin gari, da yawa sun kwana gidan gyaran hali ba don laifin ya yi girma ba sai don mai tsaya masu bai zo ba har aka tashi. In lauya ya ce akwai yiwuwar a gama ranar ka zo da kuɗin tara a hannu. Alƙali in yana magana kada ka katse shi, abin da aka tambaye ka shi za ka amsa, kada ka fara ai kwalba biyu ce kawai ko ai na ci goro na wartsake, goro da kofi da wanka ba su fitar da giya daga jini, hanta ce ke aikinta a hankali, kuma wannan bayanin ƙara nutsar da kai zai yi. In an ɗage zama ka rubuta ranar a wuri biyu, fashi ɗaya ba dalili sai a ba da warantin kama ka a kuma taso kawu a gaba. In hukunci bai yi maka ba akwai ɗaukaka ƙara amma lokacinta ƙayyadadde ne, yawanci kwana 30.

Daga yau zuwa ranar ka ajiye makullin mota in dare ya yi, ka kuma yi nesa da waccan majalisar, kama na biyu kafin a gama na farko shi ke mayar da zaɓin tara ya koma zaman gidan yari. In kuma ka san a ranka ba ranar ce farkon sha ba, farkon kamu ce kawai, ka je asibiti ka ga likitan ɓangaren ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, ba hauka ba ne, kuma takardar cewa ka fara ganin likita tana cikin abin da lauya zai iya nuna ma kotu.

Saura Baba. Katsina ba ta da girman da za a karanta sunanka a kotu da safe bai ji kafin la'asar ba. Ka ɗauki kawu ku je tare bayan isha'i, shi ya fara magana, kai ka zauna ƙasa.