Tambaya da Amsa: Shafukan intanet na farko-farko

Tambaya: Malam, gardama ce ta kaure tsakanina da abokina. Shi ya ce Google ne shafin farko a intanet, ni kuma na ce Yahoo ne. Wa ya yi daidai?

Amsa: Ɗan'uwa, ku duka kun faɗi. Shafin farko shi ne info.cern.ch, wanda Tim Berners-Lee, ɗan Ingila, ya buɗe wa jama'a a 1991 lokacin yana aiki a cibiyar bincike ta CERN a Suwizalan. Rubutu ne zalla, ko hoto babu. Amma kai ka fi kusa, don Yahoo ya girmi Google: 1994 da 1998. Jerry Yang da David Filo, waɗanda suka kafa Yahoo, da hannu suke jera shafuka rukuni-rukuni. Da shafuka suka yi wa hannu yawa, sai Larry Page da Sergey Brin, waɗanda suka kafa Google, suka zo da dabarar auna darajar shafi da yawan shafukan da ke nuni zuwa gare shi.

Tambaya: A cikin tsofaffin nan, wanne ya fi sauya rayuwar yau da kullum?

Amsa: Wasu za su ce Amazon ko eBay, waɗanda tun 1995 suka koya wa mutane sayen abin da ba su taɓa da hannu ba. Ban musa ba. Ni dai Hotmail zan zaɓa.

Kafin 1996, adireshin imel yawanci na wurin aikinka ne, ko makarantarka, ko kamfanin da ke sayar maka da intanet. Ranar da ka bar wurin, adireshi ya tafi. Sai Sabeer Bhatia da Jack Smith, waɗanda suka kafa Hotmail, suka mayar da akwatin wasiƙa shafin da za ka buɗe a kowace kwamfuta, kuma kyauta. Wanda bai mallaki kwamfuta ba ma ya samu adireshin kansa: ya ari ta wani, ya karanta saƙonsa, ya tashi. Wasiƙar da kan yi makonni a hanya ta koma ta minti ɗaya. Akwatin fa megabayit 2 ne kacal, hoto ɗaya na wayar yau zai iya cika shi, shi ya sa kullum ana cikin goge saƙonni. Duk da haka Microsoft bai yi wata-wata ba, ya sayi Hotmail a ƙarshen 1997.

Tambaya: Ana iya ganin yadda shafukan suke a da?

Amsa: Ƙwarai. Shiga archive.org, ka nemi Wayback Machine, ka rubuta adireshin shafin, ka zaɓi shekara. Tun 1996 suke adanawa. Sai dai wasu hotunan ba za su buɗe ba, kuma a waya rubutun kan fito ƙanana, sai ka ja shi da yatsu biyu.