Zauren Magina: Gidan Kwantena a Bakin Teku, Bangalo a Kan Baƙar Laka

Tambaya: Assalamu alaikum. Yaƙi ne ya dawo da mu Fot Sudan, kuma na samu kwantena biyu masu ƙafa 40 zan mayar da su gida. Yaya zan gyara wajensu su yi kyan gani, kuma zafi ya ragu? Wani birkila ya ce mu yaɓa musu filasta kawai. (Wani magidanci, Fot Sudan)

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan fitina. Kada ka yarda da filasta a kan ƙarfe kai tsaye. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, ya tsuke da sanyi. Kwantenarka tsawonta mita 12.19 ne, idan zafin jikinta ya sauya da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, za ta motsa kusan milimita 6. Siminti ba ya jure haka. Zai tsage, iskar teku mai gishiri ta shiga bayansa, tsatsa ta yi ta ci ba ka gani.

Fara da yadda za ka ajiye su. Tsawonsu ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don ranar safe da ta la'asar su bugi ƙananan gefuna kawai. Bar fili na mita 3 zuwa 4 a tsakaninsu, ka samu tsakar gida ke nan, inda iyali za su sha iska. Kowace kusurwa ta zauna a kan ginshiƙin kankare mai tudun santimita 30 zuwa 45, domin a kusurwoyi huɗun nan ne aka ƙera kwantena ta ɗauki nauyinta. Tunda za a yanka tagogi a jiki, a ƙara ginshiƙi ɗaya a tsakiyar kowane dogon gefe.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne rufi na biyu. A kafa kwano guda da zai rufe kwantenonin biyu har da filin tsakiya, a ɗaga shi aƙalla santimita 50 sama da rufinsu, a bar gefensa a buɗe iska ta riƙa ratsawa. Ƙafafunsa su tsaya a kan kusurwoyi ko a ƙasa, domin saman kwantena siririn ƙarfe ne, yana lotsawa ya tara ruwa. Bakin kwanon ya fito kamar mita 1 ta kowane gefe, har da arewa, wadda mutane ke mantawa: a Fot Sudan, daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana takan karkata arewa da tsakar rana. Wannan rufin ne kuma yake kawar da kamannin akwatin kaya, ya ba wurin siffar gida. In kuɗi sun yi kaɗan, a rage komai, a bar shi.

Duk taga ko ƙofar da aka yanka, mai walda ya zagaye ta da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 100, kauri 3. Lanƙwashe-lanƙwashen jikin kwantena su ne ƙarfinta, idan aka yanke ba a maye gurbinsu ba, sama zai sauko, taga ta daina rufuwa.

Sai fenti. A kankare tsatsa har farin ƙarfe ya fito, musamman wuraren walda, a wanke gishiri da ruwan daɗi, a bari ya bushe. A fara da shafin ƙasa, wato shafin farko, na fentin ifoksi mai sinadarin zinki, a bi da shafi biyu na fentin foliyuritan, fari ko ruwan madara. Ifoksi shi kaɗai yana zama gari a rana, dole a rufe shi. Idan kana son bango mai santsi irin na gini, a ɗaura sanduna a jiki, a shimfiɗa abin tare zafi mai kaurin santimita 5, a bar tazarar santimita 3 don iska, sannan a ɗaure allon siminti da kusoshi marasa tsatsa. Gefen yamma ya fi buƙatar wannan, da shi za a fara.

Tambaya: Mun gina bangalo da jan bulo, na shuka furanni a jikin bangon gaba don ado. Yanzu bangon ya tsage daga kusurwar taga ya gangara. Mun cike da siminti, ya sake buɗewa bayan damina. (Wata uwargida, Gadarif)

Amsa: Hajiya, matsalar a ƙasa take. Baƙar lakar Gadarif, da ta Sannar da Jazira a nan Sudan, tana kumbura idan ta sha ruwa, ta tsuke ta dare da rani. Ban ruwan furannin yana jiƙa gefe ɗaya na tushen gidan alhali sauran a bushe, sai wannan gefen ya ɗaga. Shi ya sa cikon ba ya riƙewa.

A cire furannin, a mayar da su cikin tukwane masu faranti a ƙasa, sun fi ma kyau a jere a baranda. A zagaye gidan duka da daɓen kankare mai faɗin mita 1.5, kauri santimita 8 zuwa 10, a kan tsakuwar da aka daddale, a karkata shi waje da santimita 5 a kowace mita. Inda daɓen ya haɗu da bango a cike da kwalta, don ya motsa ba tare da ruwa ya shiga ba. Ruwan indararo a kai shi da bututu nesa da tushe, mita 3 ko fiye. A duba famfo da bututun banɗaki, yoyo kaɗan ya isa ya jawo irin wannan. Darbejiya kuwa, a nisanta ta da gida gwargwadon tsayin da za ta kai in ta girma, saboda jijiyoyinta suna tsotse damshin ƙasa.

Kada a yi gaggawar ciko. A ja layi biyu da fensir a gefen tsagar, a auna, a rubuta kwanan wata, a riƙa dubawa har damina da rani su wuce. In ta tsaya, a buɗe ta, a sa ragar waya, a yi filasta da siminti 1 yashi 4, a yi ta ba shi ruwa kwana 7. In ta wuce milimita 5, ko tana ƙaruwa, ko ƙofofi sun fara cijewa, a kira injiniya ya ga tushen kafin a sayi fenti ko gwangwani ɗaya.

Tambaya: Ina son gaban gidana ya nuna gidan Bahaushe ne, da dagi da zankwaye. Zai yiwu a ginin siminti? (Wani matashi, Mai Wurno, Sudan)

Amsa: Zai yiwu, ɗan'uwa, kuma mun ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Shawararmu a tattara adon a kan zaure ko ƙofar shiga, a bar sauran bango fili, haka magabata suke yi. A zana dagin da alli, a kafa ragar waya, a tayar da shi da filasta santimita 2 zuwa 3. A gangarar da saman kowane tudu, in ba haka ba ƙurar habub, wato guguwar ƙurar Sudan, za ta kwanta a kai, ruwan farko ya zubo da ita layi-layi a bango. Zanko kuma a sa masa rodi mai milimita 10 da ya shiga cikin kankaren saman bango, don wanda aka ɗora kawai iska tana tuge shi.

A jira sabon filasta ya yi kwana 28 kafin fenti, domin ɗanyen siminti yana cin launi. Launin ruwan ƙasa mai haske ya fi fari fat ɓoye ƙura. Santimita 60 na ƙasan bango a ba shi launi mai duhu, nan ne ruwan sama ke fallatsa laka. A lissafa lita 1 ta fenti ga murabba'in mita 8 zuwa 10 a kowane shafi, shafi biyu bayan na ƙasa, a saya duka lokaci guda don launin ya zo iri ɗaya.