Tambaya da Amsa: ordinatar ɗina ta faɗi, aikina na shekara yana ciki

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar jami'a ce nan Damagaram, Birni nake zaune. Ran laraba ina kan kabu-kabu jakata ta suɓuce ordinatar ɗina ta bugu da ƙasa, tun daga nan in na kunna sai baƙin allo da wani ƙara tik tik tik daga ciki. Memuwar ɗina na ƙarshen karatu duk yana ciki, ga hotunan marigayi babanmu, wlh ban da kwafi ko a kile. Wani mai gyara wajen kasuwar Dole yace in kawo yayi format ya zuba sabon Windows. Dan Allah in kai masa?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya jiƙan baba. Kar ki yarda da format ɗin nan, share duk abin da ke ciki ne, kuma daga yau ki daina kunna ta kina gwadawa ko Allah zai sa ta tashi, na san zuciya bata haƙura amma wannan gwajin shi ke ƙarasa kashe diski, wato ma'ajiyar fayilolin da ke cikin ordinatar.

Kinga cikin diskin akwai faifai da ke juyawa, na yawancin ƙananan kwamfutoci masu irin wannan diski sau 5400 a minti ɗaya, sai wata ƴar allura mai karatu da ke shawagi samansa bata taɓa shi, tazarar da ke tsakaninsu silin gashi ma ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Da ta bugu, allurar ce galibi ke lalacewa, tik tik ɗin da kike ji ita ce take neman hanya tana kasawa tana komawa, kuma duk kunnawa ɗaya tana iya kartar faifan, inda ta karta kuwa ya tafi kenan. Ba wata manhaja da ke gyara wannan.

Abin da za ki ce ma mai gyaran, ya ciro miki tsohon diskin a gabanki ya baki a hannu, in Windows zai zuba ya zuba a wani sabo. Kar kowa ya kwance murfin tsohon diskin, da ƙurar garin nan balle lokacin hunturu, ƙwaya ɗaya ta isa ta ɓata faifan. Masu cewa a sa shi cikin firij ma ki rabu da su, raɓa ce za ta shiga. Irin naki sai ƙwararru masu ɗaki marar ƙura da ke canza allura, aikinsu da tsada sosai, to ki naɗe shi ki adana har Allah ya hore, hotunan baba sun cancanci jira.

Ga sauran masu karatu, in diski baya ƙara, Windows ne kawai ya ƙi tashi, a ciro shi a jona a wata kwamfuta da wayar SATA zuwa USB, wato wayar da ke haɗa diski da kwamfuta ta waje, a kwashe kaya, in ta tambaya ko ayi format a ce a'a. In kuwa gogewa kayi, fayil ɗin yana nan, sunansa kawai aka cire daga jerin fayilolin diskin, sai an rubuta wani abu a gurbinsa yake ɓata. Manhajojin Recuva ko PhotoRec kyauta ne suna iya dawo da shi, sai dai PhotoRec baya dawo da sunayen, kuma a sauke abin da aka samo a wani diski dabam. Masu SSD kam, wato diskin zamani marar faifai, saboda TRIM, tsarin da ke share gurbin fayil da zarar an goge shi, abin da aka goge da wuya ya dawo.

Ke kuma yau ɗin nan ki duba imel da WhatsApp ɗinki, duk babin da kika taɓa tura ma malamin da ke duba miki aikin yana can. Ki leƙa siber ɗin da kike fiddo takardu ko sun bar fayil ɗinki a tasu kwamfutar, sannan ki bi wayoyin yayyenki da ƙannenki ɗaya bayan ɗaya ki tattaro hotunan baba da kika taɓa tura musu.