Me Ya Sa 'Yan Ƙwallo Suka Yi Ƙiba a Allo?

Kana tambayata dalilin da 'yan wasa ke fitowa gajeru masu ƙiba a sabuwar talabijin, ƙwallo kuma kamar ƙwai. Duk zamanka a shagon nan ba ka lura ba? Yaran yanzu idonku na kan waya, hannu kawai ke wurin aiki.

Tsohuwar talabijin 4:3 ce, wato faɗi huɗu tsayi uku, ta yanzu 16:9. In hoton 4:3 ya shigo aka tilasta masa cika allo, faɗinsa zai ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, tsayi kuwa yana nan. Ƙibar ke nan. In ka danna Zoom, kwatan tsayin hoton ya tafi, sama da ƙasa, har da wurin da ake rubuta ci. Baƙin da ke fitowa a gefe biyu in an bar hoton 4:3 yadda yake ba lalacewa ba ce, ka bar shi. Sa dikoda a 16:9, ka sa yawan layin hoto a 1080 ko 720, talabijin kuma a Just Scan ko Screen Fit, gwargwadon kamfani.

Rigimar hoto ce ma ta cinye wa wani abokin sana'armu guminsa. Ya haɗa wa wani mai gidan kallo a Bauchi Road manyan alluna, komai da wayar HDMI, hoto tas. Yana juya baya yaron gidan ya zare wayoyin, ya mayar da tsohuwar AV mai jan kai, fari da rawaya, wai ta fi tsawo. Ita kuwa rawayar nan mai ɗaukar hoto ba ta wuce layi 576, ko dikodar ta miliyan ce. Daren wasa hoto ya yi dishi-dishi, 'yan kallo suka yi ta ihu. Washegari Alhajin ya tara mutane, wai an sayo masa jabu, ya hana cikon kuɗin aiki. An mayar da HDMI a gabansa, hoto ya dawo, amma ko sisi bai ƙara ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Kuma kar ka yi wa kowa alƙawarin HD, wato hoto tas mai layi 720 ko 1080, don ya sayi dikoda. A nan Jos aka fara sauya watsa shirye-shirye zuwa dijital a 2016, amma dijital daban, HD daban. In tashar 576 take turowa, allo mai 1920 da 1080 sai dai ya hura hoton. Kafin ka sauko, kunna tashar HD, mai gida ya gani da idonsa, ka ɗauki hoton bayan allon da wayar nan taka, sannan ka karɓi kuɗinka. Miƙo mini rimot.